Me ya kai tsimammiyar kokwamba gidan sinima a Texas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai wa yayana ziyara a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, sai ya ɗauke ni muka je gidan sinima. A wajen sayar da kayan ƙwalama, kusa da gugguru da lemo, na ga wata ƙatuwar kwalba cike da manyan kokwamba cikin wani ruwa kore-kore, mutane na saye ɗaya-ɗaya ana naɗe musu a takarda. Na ɗanɗana, tsami da gishiri kamar su tsinke min harshe. Da na ba wani abokina da ke New York labari, sai ya ce shi bai taɓa ganin haka a sinimarsu ba. Don Allah me ya haɗa kallon fim da wannan abu, kuma me ya sa sai a can?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka bai yi ƙarya ba. Tsimammiyar kokwamba, wadda Amurkawa ke kira pikul, ana cinta ko'ina a ƙasar, amma a matsayin mahaɗi: a yanka ta siri-siri a saka cikin burodi da nama, ko a ajiye tsagi ɗaya a gefen faranti. Sayar da ita guda sukutum a gidan sinima kuwa al'adar Texas ce da maƙwabtanta irin su Oklahoma, sai wasu sassan kudancin ƙasar. Su kansu mutanen Texas da yawa ba sa sanin abin nasu ne su kaɗai sai ranar da suka shiga sinima a wata jiha suka nema, mai kanti ya tsaya yana kallonsu.

Tambayarka gida biyu ce, kuma amsoshin ba ɗaya ba ne. Abin da ya sa mai sinima ke son sayar da ita lissafin kuɗi ne, wanda zai yi aiki a kowane gari a duniya. Abin da ya sa mai kallo ke saye kuwa sabo ne, shi kuma sabo na gari ne. Mu fara da kuɗin, domin nan ne maganar take.

Mutane da yawa suna zaton gidan sinima da kuɗin tikiti yake rayuwa. A Amurka, fiye da rabin kuɗin tikiti komawa yake wajen kamfanin da ya yi fim ɗin, kusan kashi 55 cikin 100 idan aka haɗa lissafin shekara, kuma a manyan finafinai da ake rububinsu kason kamfanin yakan haura haka. Daga abin da ya rage ne mai sinima zai biya haya, wutar lantarki, na'urar sanyaya ɗaki, ma'aikata da gyaran kujeru. Kantin kayan ƙwalama kuwa babu mai raba shi da kowa. Kuɗin sayo kayan da ake sayarwa a kantin bai cika kai kashi 20 cikin 100 na cinikin ba, saura duk nasa ne. Shi ya sa za ka ga ba a isa ƙofar ɗakin kallo sai an ratsa ta gaban kantin, shi ya sa kuma suke hana shigowa da abinci daga waje. Wannan tsari ya ƙara ƙarfi tun 1948, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen sinimarsu. Daga nan mai gidan kallo ya zama ɗan kasuwa mai zaman kansa, dole ya nemo inda ribarsa za ta fito.

To, ba kowane abinci ne ya dace da wannan kanti ba. Mai sinima yana da kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin a fara fim, cikinsu zai sallami layin mutane, kuma masu sallamar galibi samari ne da 'yan mata 'yan makaranta masu aikin wucin gadi, ba ƙwararrun masu girki ba. Yana son abin da ake miƙawa cikin daƙiƙa kaɗan, wanda ake ci da hannu ɗaya a cikin duhu, wanda in bai ƙare yau ba gobe ma kuɗi ne. Gugguru ya cika yawancin sharuɗɗan nan, shi ya sa ya zama sarkin kanti. A zamanin finafinan da ba su da sauti, manyan gidajen sinima ƙyamarsa suke yi saboda yana ɓata musu darduma, masu talla a bakin ƙofa ke sayar da shi. Karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ce ta sa masu sinima suka ga kuɗin da ke wuce su, ƙunshi ɗaya senti 5 zuwa 10, suka shigo da injin ciki. Da aka taƙaita sayar da sukari a 1942 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, alewa ta yi wuya, gugguru ya ƙarasa mamaye wurin.

Amma ko gugguru yana da nasa wahalhalun: inji, wuta, mai, mai tsayawa a kai, ga shi in ya kwana ya yi laushi sai zubarwa. Naman da ake gasawa a saka cikin burodi ya fi shi rigima, domin dokar tsaftar abinci ta Amurka ta ce dafaffen abinci irin wannan a riƙe shi da zafin digiri 57 a ma'aunin Salshiyos ko sama, in kuwa aka bar shi ba a kan wannan zafi ba, bayan awa 4 sai shara. Tsimammiyar kokwamba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a dafa ta, ba a ɗumama ta, ba ta buƙatar inji. A buɗe kwalba, a ɗauko da ƙarfen ɗaukar abinci, a saka a 'yar takardar da ruwa ba ya ratsawa, a karɓi kuɗi. Kwalbar da ba a buɗe ba takan yi shekara ko fiye a ɗakin ajiya ba tare da firji ba. A duk kantin, da wuya a sami abin da asararsa ta kai tata ƙanƙanta.

Ga lissafin a fili. Kwalbar da ka gani mai galan ɗaya ce, wato lita 3.8, kuma ta manyan kokwamba takan ɗauki guda 12 zuwa 16; ana rubuta adadin a jikin kwalbar don mai saye ya san girman da zai samu. Akwai kuma bokiti mai galan 5 ga masu ciniki da yawa. Mu ƙaddara mai sinima ya sayi kwalba dala 8, ya sami guda 14 a ciki. Kowace ɗaya ta tsaya masa ƙasa da senti 60, a ƙara kuɗin takarda a ce senti 65. In ya sayar dala 3, ya tashi da dala 2 da senti 35. Mu ƙaddara kuma tikiti dala 12 ne, kamfanin fim ya ɗauke kashi 55, saura dala 5 da senti 40. Ka ga kokwamba biyu sun kusa kamo abin da tikiti guda ya bar masa, alhali ita ba ta ci kujera ba, ba ta ci wutar haska fim ba.

Akwai wani sirri a girman nata ma. A wajen manoma da masana'antu, ana rarraba kokwambar tsimi ne bisa kaurinta, kuma ƙananan su ne masu tsada a kan nauyi, domin su ake nema a kwalaben kanti, tsinkarsu kuma ta fi cin aiki. Manyan, masu kaurin santimita 4 zuwa 5, su ne masu araha. Yawanci su ake yankawa fale-fale ko a niƙa. Wannan babbar mai araha ita ce mai sinima ke miƙa maka ta cika maka hannu, kana ganin ka sami abu mai yawa da kuɗinka. Abin da ya rage mata daraja a gona shi ya ƙara mata kwarjini a kanti.

Sai babban dalili, wanda ka riga ka ji a harshenka: gishiri. Duk gram 100 na irin wannan kokwamba na ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligram 800, wasu ma sun fi. Wanda ya cinye guda ɗaya, kafin fim ya kai rabi maƙogwaronsa ya bushe. Lemon da ake tsiyayowa daga famfon kanti kuwa, ruwa ne da iskar gas da ɗan ruwan zaƙi mai kauri, sai ƙanƙara da ta cika rabin kofi, ribarsa tana gogayya da ta gugguru. Don haka ko da mai sinima bai ci ko sisi a kan kokwambar ba, ta yi masa aiki in ta tura ka sayen babban kofin lemo. Dabarar da ta sa ake zabga wa gugguru gishiri ke nan. A Texas ɗin ma aka ga wani misalinta: a 1976 wani ɗan kasuwa daga San Antonio mai suna Frank Liberto ya fara sayar da nachos a filin wasa na Arlington, wato gutsattsarin soyayyen burodin masara da ake kwarara wa narkakken cuku a barbaɗa yankakken barkono mai tsami. Barkonon yana sa a nemi abin sha, cinikin lemo ya ɗaga, ba a jima ba abin ya shiga gidajen sinima. Bambancin kawai shi ne nachos ya bazu duk Amurka har ƙetare, kokwamba kuwa ta tsaya gida.

Nan ne kashi na biyu na tambayarka ya shigo. Lissafin da muka yi zai yi daidai a New York ma, amma a can in ka ajiye kwalbar, kallonta kawai za a yi. Mai sinima ba ya koya wa mutane sabon ci, abin da suka riga suka saba yake ɗauka ya ninka kuɗinsa. Yaron Texas kuwa tun yana firamare ya san wannan kokwamba. Ana sayar da ita a rumfunan da iyaye ke buɗewa don tara wa makaranta kuɗi, a wasan ƙwallon Amurka na makarantun sakandare da ake yi daren Juma'a, wanda a jihar kusan gari guda ke fita kallo, a wuraren ninƙaya, a gidajen mai, a bajekolin gunduma. Duk inda ake buƙatar abin sayarwa mai araha da ba ya lalacewa a rana, tana nan. Sinima ɗaya ce kawai daga cikin rumfunan da yaron ya saba ganinta, in ya girma kuma sai ya saya wa 'ya'yansa.

Masu bin tarihin abincin jihar sukan danganta tushen wannan sabo da baƙin da suka zo daga tsakiyar Turai. A shekarun 1840 dubban Jamusawa suka sauka Texas, suka kafa garuruwa irin su New Braunfels a 1845 da Fredericksburg a 1846, daga baya mutanen ƙasar Cek suka biyo. Mutane ne da tsima kayan lambu cikin gishiri ya zame musu hanyar ajiye abinci tun a ƙasarsu. Mahautansu ne suka kafa al'adar gasa nama da hayaƙi da tsakiyar Texas ta yi suna a kai, kuma har yau in ka sayi wannan nama, da yankakkiyar kokwamba mai tsami da ɗanyar albasa ake haɗo maka, don tsamin ya yanke maiƙo. Daga kudu kuma ga tasirin Meziko, inda haɗa tsami da gishiri da yaji a kayan ƙwalama abu ne na yau da kullum. A garuruwan bakin iyaka har cikin niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi ake yanka kokwambar, ko a cusa mata alewa da yaji. Harshen da ya tashi a tsakanin waɗannan biyu ba zai ga abin mamaki a kwalbar da ka gani ba.

Zafi ma ya taimaka. Bazarar Texas takan wuce digiri 38, mutum yana zufa yana zubar da gishirin jikinsa, abu mai sanyi da tsami da gishiri yana masa daɗi. A shekarun 1950, lokacin da sinimar fili ta yi tashe, wadda ake kallo daga cikin mota, Amurka na da irinta sama da 4,000, Texas kuma na cikin jihohin da suka fi yawansu. A irin wannan wuri cakulan narkewa yake tun kafin a kai shi mota, kokwamba kuwa ko a jikinta, warinta ma iska ce ke kwashewa. Af, har ruwan nata yana da kasuwa. A watan Satumban 2000 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Philadelphia Eagles ta zo ta doke Dallas Cowboys da ci 41 da 14 cikin zafin da ya kai digiri 43, 'yan wasanta suka ce ruwan tsimin kokwamba suka sha don hana ɗaurewar tsoka, har yau da sunan ruwan ake tuna wasan. A wasu kantunan jihar ana daskarar da ruwan a ƙananan kofuna a sayar wa yara.

Abu na ƙarshe da ya riƙe al'adar shi ne mai kawo kaya yana kusa. Kamfanin Best Maid da ke Fort Worth, wanda iyalin Dalton suka kafa a 1926, shi ne sunan da mutanen jihar suka fi sani a wannan harka, manyan kwalabensa kuma suna cikin kayan da dillalan rumfuna ke rarrabawa. Kokwamba da ruwanta kaya ne mai nauyi, galan ɗaya ya kai kilo 4 ban da nauyin kwalba, don haka kusancin masana'anta na rage kuɗin mota. Ga shi kuma wasu manyan kamfanonin sinima 'yan jihar ne: Cinemark hedikwatarsa na Plano kusa da Dallas, Santikos na San Antonio, Alamo Drafthouse kuma a Austin ya fara a 1997, shi har soyayyiyar kokwambar yake kawo wa mai kallo a kujerarsa. Masu yanke shawarar abin da za a ajiye a kanti su ma da ita suka tashi.

Yanzu ga abin da ya sa take daɗewa haka, domin duk ribar a kansa ta dogara. Ɗanyar kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ce, kwana kaɗan take ruɓewa. Abin da ke tsare ta tsami ne. Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda ƙanƙantar lambarsa ke nuna ƙarfin tsamin, kuma dokar Amurka ta ce abincin da aka tsare da tsami dole ya tsaya a 4.6 ko ƙasa. Dalilin wannan lamba shi ne ƙwayar cutar Clostridium botulinum, mai fitar da dafin da ke shanye jiki, ba ta iya tsiro a ƙasa da haka. Yawancin kokwambar kanti tana ƙasa da 4, wato da tazara mai kyau.

Hanya biyu ake kaiwa ga wannan tsami. Ta farko tsohuwar hanya: a nutsar da kokwamba a ruwan gishiri, a masana'anta kusan kashi 5 zuwa 8 cikin 100, cikin manyan tankuna, a bar ta makonni. Gishirin yana danne ƙwayoyin ruɓa, ya bar dangin ƙwayoyin nan da ke mayar da madara kindirmo su cinye sukarin kokwambar su fitar da tsami. Bayan nan sai a jiƙa ta a rage gishirin, a zuba ta a kwalba da sabon ruwa. Wannan takan fito da launin kore mai duhu har ciki, tsaminta mai zurfi. Hanya ta biyu ta fi sauri: a jera ɗanyar kokwamba a kwalba, a zuba mata ruwan khal, wato binega, da gishiri da kayan ƙamshi, a rufe, a ɗumama har tsakiyar kwalbar ya kai kusan digiri 74 na minti 15, sannan a sanyaya da gaggawa. Zafin nan an auna shi ne daidai: ya isa ya kashe ƙwayoyin da ke ɓata ta, bai kai ya dafa ta ta yi laushi ba. Ƙamshin da ka ji na wani ganye ne mai suna dil, sau da yawa da tafarnuwa. Koren-rawayan ruwan kuma kala ce ake sakawa, ko kurkum. Don ta riƙe ƙaras-ƙaras, ana ƙara ɗan sinadarin kalsiyam kulorayid, wanda ke ƙarfafa abin da ya haɗa ƙwayoyin naman kokwambar. In ka ga an rubuta kosher dill a kwalba, yawanci salon haɗin Yahudawan New York ake nufi, mai tafarnuwa da yawa.

Duk da juriyarta, tana ɓaci a hannun mai sakaci, kuma kusan kullum hanyoyin ɓacin nata sanannu ne. Mafi yawa shi ne ruwa ya yi ƙasa. Ana ɗebe kokwamba ana ɗebe ruwa da ita, wasu masu saye kuma su roƙi a tsiyaya musu ruwan a kofi ko a kan gugguru. In ma'aikaci ya cika kyauta, sai na sama su fito fili, ɓangaren da iska ke bugawa ya yamutse, ya yi laushi, daga baya fumfuna ta hau. Kuskure mafi muni shi ne a cike gurbin da ruwan famfo, domin hakan na tsarma tsamin da ke tsare ta. In za a ƙara, da ruwan wata kwalbar irinta ake ƙarawa. Sai tsoma hannu, ko ƙarfen da aka taɓa wani abinci da shi. Wannan na shigar da yis, sai ka ga farin yauƙi ya rufe saman ruwan. Shi kansa yauƙin ba dafi ba ne, amma akwai irinsa da ke cin tsamin, in ya daɗe sai ya buɗe wa masu ruɓarwa ƙofa. Kwalbar da ruwanta ya yi kauri yana jan zare, ko kokwambar ta yi santsi tana narkewa a hannu, ba a ceto ta, zubarwa ake. Akwai kuma wurin ajiya: kanti ƙanƙane ne, sai a dangwarar da kwalbar jikin injin gugguru ko ƙarƙashin fitila mai zafi, kwana biyu ta saki. Bayan buɗewa wurinta firji ne, ko aƙalla a mayar da ita can da dare. In kuwa ka gatsa ka tarar da rami a tsakiya, wannan ba laifin kanti ba ne. Ko dai kokwambar ta daɗe bayan tsinka kafin a tsima ta, ko iskar gas ta taru a cikinta lokacin da take tanki ta buɗa ta, kuma manyan sun fi ƙananan saurin yin haka. Ana ci, daɗin ne dai ya ragu.

Waɗannan matsaloli ne suka sa gidajen sinima da yawa yanzu suka koma ta leda, kowace ɗaya a rufe da ɗan ruwanta. Kamfanin Van Holten's na jihar Wisconsin ya daɗe da yin suna a wannan. Ta fi ta kwalba tsada a sari, amma babu hannu, babu ƙarfe, babu firji, ana ƙirga ta kamar alewa, ba wanda zai ce ɗaya ta ɓata a lissafi. A ganina ta kwalba mai sanyi ta fi ta daɗi nesa ba kusa ba, ta leda sau da yawa takan ɗan yi taushi, amma manaja mai kula da rassa da yawa ba daɗi yake aunawa ba.

Ba za a ɓoye aibinta ba, domin shi ne ya hana ta yaɗuwa. Tana da wari, kuma a rufaffen ɗaki mai na'urar sanyi warin khal da tafarnuwa yakan kai layi biyu ko uku. Tana da ƙara in an gatsa. Tana ɗiga, ruwan ya bi hannu ya sauka a kujera da darduma, masu shara kuma 'yan mintuna gare su tsakanin fim da fim. Inda kowa ya saba, ba mai ɗaga kai. Inda ba a saba ba, mutum ɗaya mai ci zai jawo ƙorafin mutum goma, mai sinima kuma ba zai sayi rigima a kan dala 2 ba. Haka abin yake a sauran ƙasashe: a Koriya ta Kudu gasasshen naman wata dabbar teku mai hannuwa da yawa ake ci a sinima, warinsa ya fi na kokwamba, a Indiya kuma samosa ce ke tashe lokacin hutun rabin fim. Kowace sinima warin garinta take iya ɗauka.

In ta yi maka daɗi kana son gwadawa a gida, hanyar firji ta fi sauƙi da aminci. A nemi ƙananan kokwamba masu tauri kilo 1, waɗanda ba su kwana biyu da tsinka ba, a wanke. A yanke kamar milimita 2 daga ƙarshen da fure ya fito, ba wajen kara ba, domin a nan ne sinadarin da ke sa ta laushi yake taruwa. A tafasa ruwa rabin lita da ruwan khal rabin lita, a tabbata an rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbarsa, da gishiri kusan gram 40. Kada a rage khal ɗin ya gaza ruwan don gudun tsami. In ya yi yawa a baki, sukari cokali ɗaya ake ƙarawa. Kada kuma a tafasa a tukunyar dalma, wato ta alminiyam, tsamin yana cinta ya ɓata launi da ɗanɗano, a yi amfani da ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wato stainless steel. A jera kokwambar a wankakkiyar kwalba da tafarnuwa 4 ko 5 da ɗan masoro, a zuba ruwan ya shanye kanta gaba ɗaya, in ya huce a rufe a saka firji. Wadda aka tsaga tana nuna cikin kwana 2 zuwa 3, guda sukutum sai ta yi mako. Wannan ba irin ta kanti ba ce da aka ɗumama a rufe, don haka ba ta zaman kan tebur. A cinye cikin wata guda, inda wuta ba ta tsayawa kuma a yi kaɗan-kaɗan.

Sai hattara da gishirin. Ƙarfin abincin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, ba mai ba sukari, shi ya sa masu rage ƙiba ke zaɓarta a maimakon gugguru mai man shanu. Amma babba mai gram 200 na iya ɗaukar sodiyam miligram 1,600, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai miligram 2,000 a yini, wato gishiri gram 5. Guda ɗaya ta kusa cinye kason yini, kafin a zo ga gugguru. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, ya raba ta da wani ko ya haƙura, kada kuma ya sha ruwan. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi shi ma tsamin zai iya tayar masa. In ka koma Houston, mai kanti zai iya tambayarka ko a tsane ruwan ko a bar maka. Ce a tsane, ka karɓi takardar goge hannu da yawa, in kuma ta leda ce ka buɗe ta tun fitila na kunne, domin a duhu ne ruwan ke ƙarewa a kan riga.